Shafi na Huɗu

Assalamu alaikum. Wanda ya biyo ni tun farko ya san ni. Wanda yau ya tarar da ni a hanya: sunana Mode, gidanmu yana Ƙofar Atiku cikin Sakkwato, abin da nake ba ku labari kuma ya faru a bazarar 1998, shekara guda da gama sakandarena, ina zaune gida ba karatu ba sana'a.

Wata baiwar Allah ta rubuto ta ce in daina kare kaina. To, na daina. Yau zan gaya muku ƙaryar da na yi wa Atika. Kalma biyu ce kacal.

Sai dai dole in fara da gem ɗin, wato wasan talabijin, don a cikinsa abin ya ƙullu.

Wana, Yaya Illo, yana fataucin atamfa zuwa Kwatano. Bayan ƙaramar Sallah ya dawo da gem irin wanda ake jonawa a talabijin, da hannun latsawa ɗaya, da kaset ɗaya. Ya buga kwana biyu ya ce kansa na sarawa, ya bar mini. Kaset ɗin ba na Turanci ba ne. Rubutun Japan ne, ƙanana, kamar kaji sun bi ta kan jiƙaƙƙen yashi. Lambobi kaɗai muke ganewa. Sauran sai hoto da lalube.

Abin da muka fahimta shi ne, wani dodo ya sace kogin wani gari ya hau da shi kan dutse, aka tura saurayi guda ya karɓo. A hanya akwai aljanu, akwai ƙauyuka, akwai maƙera masu sayar da makamai. Idan ka kashe aljanu da dama sai a yi wani ɗan kiɗa, a ba ka ɗigo uku, ka zuba su a ɗaya daga cikin layuka huɗu. Layin da ka zuba wa, shi ne yake ƙaruwa a jikin saurayin. In ka zuba ka adana, shi ke nan. Ba a kwashewa.

Na ce "muka". Ni da Atika ke nan.

Atika ɗiyar Kawu Jibrin ce, yayan Inna, mai sayar da hatsi a Ƙofar Kware. Taubashiyata. Na girme ta da wata bakwai, ta girme ni da baki. Asabar, Talata da Alhamis take zuwa gidanmu koyon ɗinki wurin Inna, wadda take kira Goggo. Keken ɗinkin a falo yake, jikin taga. Talabijin ma a falo yake, mai ƙofofin katako, an rufe samansa da farin saƙi, an ɗora agogon Makka da hoton Baba na aikin hajji. Idan an kawo wuta bayan azahar, Inna takan fita gindin dogonyaro ta kishingiɗa a tabarma daidai saitin ƙofa, labule a ɗage, ido ɗaya a rufe. Ni ina ƙasa a kan leda da hannun gem. Atika tana kan kujerar keke, ƙafa a kan feda, ido a kan talabijin. Allah kaɗai ya san riguna nawa ta karkace saboda dodon nan.

Ranar farko gem ya nemi suna. A nan kaɗai ya ba da haruffan boko, gurbi huɗu. Ina cikin nazari ta fizge hannun.

"Kawo nan. Kai sai ka kai la'asar."

Ta latsa M, O, D, E.

"Mi yas sa kinka sa sunana?"

"Dube shi mana. Ga dogon wuya, ga shi ana mashi magana shina kallon mutane. Ƙanenka na."

Ita ce ta kawo littafin. Na rubutu ne, mai shafi arba'in, mai jadawalin sau a bayan bango. Kowane layi ta ba shi shafinsa, ta zana alamarsa a sama da jan biro. Shafi na ɗaya, alama mai kama da ƙugiyar mahauta: ƙarfin sara. Na biyu, mai kama da ƙofar zaure: jure duka. Na uku, mai kama da tsani: warkar da rauni. Na huɗu, wata ƴar taga da sanduna jere a kanta. Wannan mun daɗe ba mu san aikinta ba. Duk abin da muka gano, a ƙarƙashin alamarsa take rubutawa: wane aljani ke tsoron me, wane makami ke son wane layi. Littafin yana kwana a kan talabijin. Wani lokaci ta tafi da shi gida ta gyara rubutu.

Ni shafi na biyu nake buɗewa. Kullum. Har ya yi baƙi da gumin yatsana.

A ƙauye na uku muka sami maƙeri mai kaya na gaske. Takobi siriri mai walƙiya. Mashi mai baki biyu. Kwari da baka. Sai wata garkuwa, ƙatuwa, mai ƙusoshi a gaba, wadda sai da hannu biyu ake riƙe ta. In ka ɗauke ta, ba sauran hannun riƙe makami.

"Baka," in ji Atika. "Ka harbe su tun daga nesa."

"In sunka matso fa?"

"To takobi."

"Sai na matsa kusa da su ke nan."

"Kai jama'a! Nesa ba ta yi ba, kusa ba ta yi ba. Mi kaka so?"

Na ɗauki garkuwar.

Ta ajiye almakashi ta dube ni daga sama har ƙasa. Ranar nan, atamfa ruwan ganye ce a jikinta mai zanen fanka, ɗinkin hannunta na farko, hannun hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Mayafi ruwan ƙwai ya zame kafaɗa. Lallen yatsunta ya koɗe ya koma kalar shayi. Ina iya gaya muku har adadin maɓallan rigar. Uku ne, na tsakiya ba irin sauran ba.

"Goggo!" ta ɗaga murya. "Ɗanki ya tahi yaƙi da murhin tukunya!"

Daga gindin dogonyaro Inna ta ce, "Bar shi, shi ad da haƙuri. Ke kin gama kalmasa wuyan rigar?"

Dabarata mai sauƙi ce. In aljanu suka taso, sai in tsaya wuri ɗaya in ɗaga garkuwa. Su yi ta duka, ƙusoshin suna cin su a hankali, har su zube. Faɗan da wani zai gama a minti ɗaya, ni sai in yi goma. Amma ba a taɓa kashe ni ba. Ko sau ɗaya. Duk ɗigon da aka ba ni, layi na biyu. Wallahi lokacin alfahari nake da wannan.

Wata Alhamis aka yi kiɗan, ɗigo uku suka fito, na tashi shan ruwa a randa. Kafin in dawo ta zuba su duka a layi na huɗu.

"Atika!"

"Ban adana ba, kwantar da hankalinka. Zamna ka gani."

A ƙauyen akwai wata tsohuwa bakin rijiya da kullum take juya mana baya. Atika ta kai saurayin gabanta ta latsa. Sai ga tsohuwa ta juyo. Rubutu ya yi ta zuba, layi bayan layi, ba mu gane ko ɗaya ba, amma daga ƙarshe ta miƙo mana tulu. Muka matsa kasuwa. Wata yarinya mai baka a kafaɗa, da muka sha wucewa tana zaune kan katanga, ta diro ta biyo bayanmu. Duk inda saurayin ya yi, tana biye.

Atika ta tafa hannu. "Magana ta! Layin magana na! Ka gani? Ɗigo ukku kawai, har ka samu mai rakiya."

"Ba ta hana duka."

"Ta hana ka tahiya kai ɗaya."

"Ni ɗaya na iso nan."

Na miƙa hannu na danna maɓallin da ke mayar da gem baya. Allon ya yi baƙi, ya dawo inda muka adana. Ba tulu, ba yarinya. Na zuba ukun a layi na biyu.

Ta ɗauki littafin ta rubuta a shafi na huɗu, da manyan baƙi: MAGANA. Ta ja layi biyu a ƙasa, har biron ya huda takarda.

Yanzu bari in shigo da Siddiƙu.

A bazarar nan mai ya yi wuya. Mota sai ta yi kwana uku a layi, sojoji da dorina suna tsare bakin famfo. Siddiƙu manajan wani gidan mai ne a hanyar Wamakko. Kada ku sa ran in ce mugu ne. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai fara'a, in ya gaishe ka sai ya tambayi har awakinku. Ya ga Atika a wani suna, ya fara zuwa zance Ƙofar Kware da farar mota Fijo, kowane zuwa da galan na kananzir a but ɗinta, a lokacin da matan unguwa suka koma hura kara.

"Mai kananzir ya zo jiya," Atika ta ce wata Asabar, tana zura zare a allura.

"To."

"To kawai?"

"Allah shi ƙara kananzir."

Ta jefe ni da ƙwaryar zare. Ta same ni a ƙeya. Muka yi dariya, Inna ma ta yi daga waje. Wasan taubasai.

Daren ranar ban ci tuwo ba. Wannan ba wanda ya sani sai ku.

Kuna tambaya me ya hana ni magana. Na faɗi jarrabawar Turanci da lissafi. Kaftanina na fita biyu ne, ɗaya na Yaya Illo ne aka rage. Keken da nake hawa na Baba ne. Na ce a raina: bari in sake jarrabawa. Bari in sami abin yi. Masu zuwa zance suna zuwa su gaji su tafi, na ga biyu kafin shi. Ni ina nan. Ina za ta je? Gidanmu take zuwa sau uku a mako.

Wannan Asabar ɗin ta tafi da littafin. Ranar Talata ta dawo da shi, ta ɗora a kan talabijin da hannu biyu, kamar mai ajiye ƙwai. Ta sha tozali. Ba ta zolaye ni ba ko sau ɗaya, abin da ya kamata ya sa in farga.

"Na ƙara rubutu shahi na huɗu," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ka duba."

"Shahin surutu?"

"Ka duba dai."

"To."

Ban duba ba. Ina fama da wasu aljanu masu fukafukai a gindin dutse, hankalina yana shafi na biyu. Na ɗauka wata dabarar ce ta sa in ɓata ɗigo.

Alhamis ta tambaya. Na ce ban samu zama ba. Ni da ba ni da aikin komai. Asabar ta tambaya. Na ce an ɗauke wuta, kamar da wuta ake karanta littafi da rana. Talata ba ta tambaya ba, ta yi ta kallon saman talabijin. Alhamis ta biyu, ana gab da la'asar, ta tsayar da keke. Falon ya yi tsit, sai fanka da kiɗan gem.

"Mode."

"Na'am."

"Ka duba?"

Na gaji da tambayar. Wallahi iyakar abin ke nan. Na gaji, ina so a wuce wurin.

"Na duba."

Ga kalma biyun.

"To mi kag gani?"

Idona yana kan allo. Wani aljani yana dukan garkuwata. "Ba abin da za shi amfane ni."

Na ji ta taso. Ta zo ta ɗauki littafin daga kan talabijin, ta juya shi a hannu, ta kalli gefensa, ba ta buɗe ba. Ta mayar ta ajiye. Ta naɗe ɗinkinta, ta kakkaɓe zaren da ke jikin zanenta ɗaya bayan ɗaya, ta gyara mayafi har goshi.

"Goggo, ni tahi."

"Tun yanzu? Ga hura ana damu."

"Na ƙoshi."

A bakin ƙofa ta juyo. Na zaci za ta jefo wata baƙar magana irin tata, har na shirya murmushi. Sai ta ce, "Allah shi ba ka sa'ar dodonka."

Ba ta sake zuwa ba.

Na ce ɗinkin Sallah ne ya riƙe ta. Babbar Sallah ta zo, aka yi layya, aka aike ni da cinyar rago Ƙofar Kware, aka ce ta tafi gidan ƙawarta. Na ce yawon Sallah ne. Ni gwani ne wurin ba kaina amsa.

Mako guda bayan Sallah, da hantsi, Inna ta shigo falo da ɗan ƙullin leda. Goro biyu, alewa huɗu. Ta ɗora a kan littafin.

"Na Atika na. An ba Siddiƙu. An sa rana, bayan kaka."

Bakina ya ce, "Allah shi sa alheri."

Inna ta daɗe tsaye a kaina. Sannan ta fita.

Ban tashi ba. Na buga gem har aka ɗauke wuta, na zauna gaban baƙin allo har aka dawo da ita. Washegari bayan azahar na kai saman dutsen. Na haye wata gada, ta rufta a bayana. A gaba ƙofa ce ta ƙarfe, ana jin ƙarar kogin a bayanta, da wani tsoho zaune a dandamali, ba makami a hannunsa. Na ɗaga garkuwa na tsaya. Bai taso ba. Na jira. Bai taso ba. Na matsa na latsa. Sai alama ta fito a kansa: ƴar taga da sanduna. Kusa da ita, lamba goma. A ƙasa, tawa: sifili.

Tsohon ya girgiza kai.

Na zaga ko'ina. Ba aljani ko ɗaya a saman dutsen da zan kashe in sami ɗigo. Ba hanyar komawa. Layi na biyu yana da sittin da uku, ba wanda ke dukana.

Sai lokacin na ture goron na ɗauki littafin, ko ta rubuta wata dabara.

Shafi na huɗu ya ƙi buɗewa. Wani jan zare ya haɗe kusurwarsa ta sama da takardar da ke binsa. Na ce zaren keken Inna ne ya maƙale, na sa farce na tsinke.

Ga abin da ke ƙarƙashin MAGANA. Na haddace shi, ba sai na duba ba.

"Litinin, 16 ga Maris. Mode, wannan ba wasan taubasai ba ne. Baba ya ce in fito da wanda nake so kafin Babbar Sallah, in babu zai amsa wa Siddiƙu, don ya gaji da ba bawan Allah haƙuri. Bai tilasta ni ba. Ni ma ban ƙi Siddiƙu ba, ba shi da laifi. Amma na roƙi sati uku. Ban ce ka zo da mota ba. Ban ce ka zo da komai ba. Baba ya ce ko shekara biyu ce zai jira ɗan ƙanwarsa ya yi karatu, in dai an yi magana. Ka gaya wa Goggo kalma ɗaya, ita ta san sauran. Na rubuta ne don bakina, duk tsawonsa, ya kasa. Atika."

Na karanta sau uku. A na uku ne na tuna amsar da na ba ta.

Na fita tsakar gida ba takalmi. Ƙasa tana ƙuna, ban ji ba. Inna tana gindin dogonyaro tana tsince shinkafa a faifai.

"Inna."

Ta ɗago. Ina jin a rayuwata ban taɓa fara yi mata magana da irin wannan muryar ba.

Na karanta mata. Duka. Da na gama na ce, "Sai yau nig gani. Wallahi sai yau."

Ta ajiye faifan. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini.

"Yaya Jibrin da ƙahwarshi yat tako gidanga," ta ce. "Saura kwana biyar Sallah. Yac ce, Kulu, ɗanki ba shi da magana? Nic ce bari in ji. Nit tahi nis samu yarinya. Tac ce, Goggo, na tambaye shi, ya ce ba abin da za shi amfane shi. Mode, ban taɓa jin kunya gaban ɗan'uwana irin ta ranan ba."

"Mi yas sa ba ki tambaye ni ba?"

"Kai? Wa ka tambayar ka abu shi samu amsa? Tun kana goye, in ciwo ya kama ka sai dai in gane ga zahin jiki."

"Inna, ki koma. Ki hwaɗa mashi."

"In hwaɗa mashi mi? Goro ya shiga gida arba'in. In bi in karɓo?" Ta ɗauki faifanta. Ta ci gaba da tsincewa. "Ni na yi nawa zuwan. Ba ni da huskar na biyu."

Na sa takalmi, na cusa littafin a aljihun kaftani, na hau keken Baba.

Daga Ƙofar Atiku zuwa Ƙofar Kware ba wata tafiya ba ce, amma na isa kamar an tsamo ni daga rijiya. Farar Fijo tana ƙofar gida, Siddiƙu yana rufe but. Shadda ruwan sama, hula zanna, ƙamshin turare ya danne na kananzir. Ya gan ni ya buɗe hannu.

"A'a! Taubashin amarya da kanshi! Ina gajiya? Ina Goggo? Ina Alhaji? Yaya zahi?" Ya riƙe hannuna da nasa biyu. "Na ji kana zamne gida. Ka biyo ni wurin aiki wata rana, mu ga abin da za a yi. Yanzu ai an zama ɗaya."

Da gaske yake. Shi ne abin da ya fi ciwo.

Na ce, "Na gode."

Ya tafi. Na jingine keke na shiga zaure. Tana nan ba ta kai ga shiga gida ba, tana naɗe tabarmar zance. Leshi ne a jikinta ruwan hoda, ba ɗinkinta ba, hannuwan daidai suke. Sabon lalle har wuyan hannu. Ta gan ni, ta ga littafin da ya leƙo daga aljihu. Ta ci gaba da naɗi.

"Atika."

"Ka kashe dodon?"

"Ban karanta ba. Ranan da nic ce na duba, ƙarya ta. Sai yau. In da na gani..."

"Na sani."

Na tsaya.

"Na sani ba ka karanta ba." Ta jingine tabarmar a bango. "Ni nis sa zaren. Ɗinki guda, a kusurwa. Ranan da kac ce ka duba, nid ɗauki littahin, zaren na nan yadda nib bar shi."

"To mi yas sa... kin san ban gani ba, mi yas sa ba ki..."

"Kwana tara, Mode. Sau huɗu ina roƙon ka ka buɗe takarda guda. Ba dutse nic ce ka ɗauka ba. Takarda. Kag ga ƙarya ta hi sauƙi." Muryarta ba ta tashi ba. Ni da na saba da tsiwarta, wannan sanyin ne ya tsorata ni. "Nit tahi gida nic ce, to, in an ba ni wanga, hakanan za ni ƙare: ina magana, shina ɗaga garkuwa."

"Ina son ki."

Ban san sanda ta fito ba. Shekara nawa tana maƙale, ta fito a zauren da ke warin kananzir ɗin wani.

Ta rufe ido. Da ta buɗe, akwai ruwa a ciki, amma bai zubo ba.

"Yanzu kas samu ɗigon?" Ta miƙo hannu. "Kawo littahina."

Na ba ta.

"Baba na shigihwa. Ni ba ni da sauran magana, an riga an yi ta bisa kaina da yardata. In kana da ita, ga ƙohwa nan."

Ta shige. Kafin in motsa sai muryar Kawu daga ciki: "Wa ke nan? Mode na? Shigo mana."

Yana zaune a kan buzu cikin shigifa, ɗakin da ke bayan zaure, buhunan gero jere a bayansa, rediyo a gefe ana karanta sanarwar gwamnati. Na durƙusa na gaishe shi. Ya rage muryar rediyon. Ya sa aka kawo fura, ya tura mini ludayi. Ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi jarrabawa. Sannan ya cire tabarau ya dube ni, irin kallon Inna sak.

"Mi at tahe da kai cikin ranag ga? In da magana, hwaɗi. Ni kawunka na."

Labulen ƙofar cikin gida ya ɗan motsa. A ƙasansa na ga yatsun ƙafa masu sabon lalle.

Na buɗe baki. Na tuna goro a gida arba'in. Na tuna dattawan da suka zauna a kan wannan buzun aka yi fatiha. Na tuna hannu biyun Siddiƙu. Na tuna cewa abin da zan roƙa shi ne dattijo ya janye maganarsa a gaban garin Sakkwato, saboda yaron da ya kasa buɗe takarda. Kawu yana jira. Wallahi ya jira ni, ya fi minti guda.

"Gaisuwa niz zo, Kawu."

Ya mayar da tabarau.

"To. Mun gode."

Ya ƙara muryar rediyo. Da na saci kallon labulen, ba kowa.

Ban iya tashi nan take ba. Na zauna na shanye furar nan har ƙasa, kamar ita ta kawo ni. Aka kira la'asar, na bi shi masallaci, muka dawo, na yi sallama.

Littafin yana kan sirdin kekena, an danne shi da dutse.

Sai da na isa gida na duba. Gem yana kunne yadda na bar shi, saurayi mai sunana tsaye da garkuwarsa gaban tsohon, kogi yana ƙara a bayan ƙofa. Hanya ɗaya ce ta rage a cikinsa: in goge komai in faro daga farko. In na goge, har da haruffa huɗun da ta latsa da hannunta.

Na buɗe littafin. Shafi na huɗu ya sake rufewa. Wannan karon ba ɗinki guda ba ne. Ta bi gefe uku da baƙin zare, ƙanana, a matse, irin kalmasar da Inna ta yi wata biyu tana koya mata ba ta iya ba. Yau ta iya.

Na ɗaga shi saitin taga. Rana ta ratsa takardar. Ga tsohon rubutun, na san tsawonsa. A ƙasansa akwai sabo. Layi biyu. Ba sa karantuwa ta baya.

Ko sallama ce. Ko zagi. Ko abin da ba ni da ƙarfin ɗauka.

Rezar Inna tana cikin aljihun keken ɗinki. Na ɗauko ta, na zauna a kujerar Atika, na sa bakinta a kan ɗinkin farko.